HUTUN BAZARA A BIRNIN DABO: KWANA BIYAR NI DA 'YAR MIJINA

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta waɗanda na san da yawanku kun fara ƙirga kwanakin da suka rage a yi hutun zango na biyu. Tambaya zan fara yi muku. Idan an yi hutu an kai ku Kano wajen kaka ko gwaggo, me kuke yi? Kada ku wahalar da kanku, ni zan ba da amsa domin ni ma na yi. Shara da wanke-wanke da safe, kallon fim da rana in an kawo wuta, da yamma a caɓa ado a tafi gidan biki ko gidan suna, a dawo a kwanta a tsakar gida ana fifita. Ranar komawa makaranta idan ƙawaye suka ce me kika gano a Kano, sai ki tarar ba abin da za ki iya faɗa illa zaurukan dangi da cunkoson Kantin Kwari. To ni ma haka nake, kuma ni haifaffiyar garin ce, sai da wata yarinya 'yar shekara 14 ta kunyata ni sannan na farka.

Shekara biyu ke nan da aka kai ni gidan mijina a Agege ta Legas, na tarar da 'yarsa guda ɗaya, wadda zan kira ta da sunan da ake kiranta a gida, wato Ummi. Mahaifiyarta Allah ya yi mata rasuwa tun yarinyar tana da shekara tara. Ba zan yi mata ƙarya ba, Ummi ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Za ta gaishe ni da safe, in na aike ta ta je, in na zuba abinci ta ci ta wanke kwanonta. Amma fa shi ke nan. "Ina kwana Anti." "To Anti." "A'a Anti, na ƙoshi." Babu dabarar da ban yi ba, kitso ne, ɗinki ne, har awara na koyi yi saboda na ji an ce tana so, amma duk kamar ina shuka dusa. Wadda ta taɓa zama da 'ya'yan miji ta san abin da nake nufi. Wallahi gara wadda za ta murguɗa miki baki ki san inda kika dosa, da wadda za ta yi miki shiru cikin ladabi.

A watan Afrilu na 2025 aka ba su hutu, maigida ya kwashe mu muka taho Kano, muka sauka a gidanmu da ke Gwammaja. Daren da muka iso babu wuta, zafi kuwa kamar a tanderu, sai muka hau saman bene da tabarmi muna shan iska. Ina ta fama da ɗana na goye, sai na ji murya a bayana.

"Anti, me ya sa ake ce wa wancan dutsen Dala?"

Na waiwaya don in tabbatar da ni take. Wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi mini wadda ba ta shafi aikin gida ba. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji wayam. Shekara 26 na yi ina kwana ina tashi a gindin dutsen nan, ta gefensa nake bi in je Islamiyya, amma ban taɓa hawa ba, ban kuma san ko Dala mutum ne ko aljani ba. Kunya ta rufe ni. Na ce mata, "Gobe zan gaya miki."

Tun a daren na tayar da autanmu, wanda yake karatun tarihi a jami'a, na ce ya rufa mini asiri. Ya yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce shi ba zai faɗa a ɗaki ba, sai dai mu je mu gani da idonmu. Daga nan aka samo tsarin kwana biyar ɗin nan.

Sai dai kafin a fita akwai neman izini, kuma nan ne 'yan mata da yawa suke yin kuskure. Da na ce wa Abban Ummi za mu fita yawon ganin gari, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Yawon me a wannan ranar? Kuma mata ne za su hau dutse?" Laifina ne da na ambaci yawo. Hajiyarmu ce ta gyara maganar, ta ce masa ga inda za su, ga Auta zai raka su, ga lokacin da za su dawo, jaririn kuma a bar mata shi. Nan take ya sauko, har ya ba da kuɗin a-daidaita-sahu. Don haka ƙanwata, idan za ki roƙi Baba, kada ki je masa da "za mu ɗan zaga". Ki je da sunan wurin, da sunan yayan da zai raka ku, da ƙarfe nawa za ki dawo, kuma ki cika alkawari ranar farko domin a bar ki rana ta biyu.

Abu na biyu shi ne rana. Bazarar Kano ba abin wasa ba ce, a Afrilu zafi yakan kai digiri 40 har ya gota, don haka sai muka raba wuninmu uku. Abin da yake a fili, kamar dutse da ganuwa, da sassafe. Abin da yake cikin ginin ƙasa mai kauri, da hantsi zuwa azahar. Kasuwa kuwa sai bayan la'asar. Kowa da gorar ruwansa, da takalmi maras tsini, da hijabi ko mayafi mai haske wanda ba ya riƙe zufa. 'Yar yayata da ta biyo mu ta ƙi jin magana ta sa takalmi mai tsini don za a ɗauki hoto, a hannu ta dawo da shi.

Ƙarfe bakwai saura muna gindin Dala. Ta cikin lungunan unguwa ake bi, tsakanin gidaje da 'yan awaki da yara masu tallan koko, sai kawai ki ga matakala ta siminti ta miƙe sama. Na fara ƙirgawa, da na kai hamsin numfashi ya gagare ni na bari. A littafi an ce tsayin dutsen mita 534 ne, amma kada wannan ya tsorata ki, daga matakin teku ake aunawa, hawan kansa bai fi minti goma zuwa sha biyar ba ko da hutawa. Shawarata dai kada ku je ku kaɗai, kada kuma ku je da magariba, domin ba a rasa zauna-gari-banza a irin wuraren nan.

Da muka kai sama, ke dai bari. Saman shimfiɗaɗɗe ne, jar ƙasa mai tsakuwa, iska tana kaɗawa kamar ba a garin da muka kwana muna gumi ba. Ga Kano nan kwance ta ko'ina har iyakar ganinki, rufin kwano da soraye, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga Goron Dutse can yana kallonmu, ga jirgi yana saukowa filin Malam Aminu Kano. Auta ya nuna mana kududdufai, ya ce yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, ruwa ya zo ya zauna.

A nan ya biya mini bashina. Ya ce a littafin Tarihin Kano, Dala sunan wani mutum ne da ya zo ya gina gida a kan dutsen ya zauna da iyalinsa, dutsen ya ci sunansa. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya saɓo ta, kuma shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani kafin zuwan Musulunci. Shi kaɗai yake shiga wurinta ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, har ya gaya musu wata rana baƙo zai zo ya karɓe mulkin ƙasar. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Abin da ya tara mutane a wurin tun farko kuwa tama ce, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, kuma masu bincike sun sami alamun ana wannan aiki a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7.

Ummi ba ta ce komai ba, tana dai rubutawa a bayan littafinta na lissafi. Can sai ta matso kusa da Auta ta ce, "Kawu, ina ne Yakasai?" Ya nuna mata can wajen hasumiyoyin masallaci. Unguwar su mahaifiyarta ke nan. Ta daɗe tana kallon wurin, ni kuwa na yi kamar ina gyara ɗaurin kallabina.

Rana ta biyu Gidan Makama muka yi, kuma idan wuri ɗaya kawai za a bar ki ki je, to ki zaɓi nan. Yana daura da gidan Sarki, ɗan kuɗin shiga ne ba mai yawa ba, kuma akwai ma'aikatan da za su zaga da ku suna bayani. Tun a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Muna shiga zauren farko 'yar yayata ta ce, "Lah, sun kunna na'urar sanyi!" Babu wata na'ura. Kaurin bangon tubali ne da tsayin rufin azara da ɗaurin guga suka hana zafi shiga. Na tuna ɗakinmu na bulo da kwano da muke soyuwa a ciki, na ce lallai kakanninmu sun fi mu sanin garin da suke zaune.

A nan muka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, har da na Ƙofar Kabuga, wadda ta nan sojojin Turawan Ingila suka shigo Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Na sa hannu na taɓa ƙarfen, tsigar jikina ta tashi, domin Kabugar da na sani ita ce inda ake canja mota in za a je jami'a. Akwai sulke da kwalkwali da lifidin doki, akwai tsofaffin hotunan sarakuna da na birni tun ganuwa tana tsaye ƙyam. Amma inda 'yan matan suka maƙale shi ne ɗakin amaryar da, da jerenta da kayan adonta. 'Yar yayata ta tsaya tana ta tsiya wai ita wa zai kai ta wannan ɗaki babu kujeru babu madubin bango. Sai na ji Ummi ta yi dariya, dariya sosai har da tafa hannu. Ban taɓa jin sautin dariyarta haka ba.

Shi Rumfan nan, wanda ya yi mulki har 1499, kusan duk inda kika juya a cikin birni za ki ci karo da aikinsa. Shi ya gina gidan Sarki, shi ya sa har gobe ake ce masa Gidan Rumfa. Shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. Auta ya ƙara da cewa, yana kallona yana murmushi, littafin ya ce shi ne ya fara al'adar kulle. Na ce to ga shi yau mata uku sun zo har gidansa babu ko sallama. Amma fa kada ki ɗauka matan lokacin ba su da ta cewa. Matarsa Madaki Auwa ta haifi Sarki Abdullahi, jikanta Kisoki shi ma ya yi sarauta, kuma sunanta yana cikin tarihi a matsayin mace mai faɗa a ji a fada. Ummi ta rubuta sunan ta ja masa layi biyu.

Da muka fito muka tsaya a filin Ƙofar Kudu muka kalli gidan Sarki daga waje, da dogarai cikin jajayen kayansu. Idan hutunku ya dace da Sallah kuma aka yi hawa, to kun more, musamman Hawan Daushe. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Sai dai ki tambaya tukuna kafin ki sa rai, domin mu mun iso bayan ƙaramar Sallah da mako biyu, kuma a shekarar ba a ma yi hawan ba.

Kurmi kuwa ranar ta uku muka shige ta bayan la'asar, kuma gaskiya ba wurin da za a je da ƙananan yara ba ne. Lungunan ƙanana ne, wani wurin sai kin karkace kafin ki wuce, ga masu kaya suna "hanya, hanya", ga warin kwatamin Jakara idan iska ta juyo. Amma in kika daure, babu kantin zamanin da zai ba ki abin da za ki gani a nan. Kowace sana'a da layinta. Ga dukawa da takalma da jakunkuna da titimin fata, ga masu kayan doki, ga masu ƙwarya da ludayi da faifai, ga masu allo da tawada da littattafan addini, ga masu murjani da tsakiya da jigida. Layin kayan ƙamshi tun daga nesa hancinki zai kai ki, kanumfari da citta da masoro da kimba da turaren wuta iri-iri. Auta ya ce a da ayarin raƙuma daga Arewacin Afirka a nan suke sauke gishiri da sauran haja su ɗauki fata da tufafi, kuma Larabawan Tarabulus da Gadamas har unguwa suka yi a cikin birni, Dandalin Turawa. Ya kuma gaya mana abin da ba shi da daɗin ji, cewa a kasuwar nan an sayar da bayi, mutane 'yan uwanmu, har da 'yan mata sa'o'in Ummi. Duk muka yi tsit na ɗan lokaci.

Na ba kowace yarinya ɗan kuɗi na ce ta yi ciniki da kanta. Ki sani a Kurmi farashin farko gaisuwa ce kawai, ki taya da fara'a, in an ce albarka ki yi kamar za ki tafi. Ummi da Hausarta ta Legas mai haɗe da Turanci ta tsaya tana ja-in-ja da wani dattijo a kan tandun kwalli, har ya ce ya rage mata saboda dariyar da ta ba shi. Da za mu tafi muka biya ta Jakara muka sayi gurasa mai zafi, a gida aka yi mana bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, muka kora da zoɓo mai sanyi. Ga mangwaro kuma lokacinsa ne, har sai da Hajiya ta fara ɓoye shi.

Yanzu bari in zo kan ranar da ta sa na ɗauki biro.

Tun zuwana gidan na lura Ummi tana da wani zane a ƙasan akwatinta, rinin shuni ne mai duhu, da zagaye-zagaye farare kamar an jera ƙananan faya-fayai. Ba ta taɓa ɗaura shi ba, amma na sha leƙawa da dare in ga ta yi matashin kai da shi. Na san na mahaifiyarta ne, ban kuma taɓa tambaya ba, domin ina tsoron kada ta ga kamar ina shiga abin da ba ruwana.

Rana ta huɗu da safe muka je karofin Ƙofar Mata, nan kusa da Asibitin Murtala. An ce tun 1498 ake rini a wurin. Fili ne cike da ramuka masu zurfi kamar rijiyoyi, sun haura ɗari, amma abin tausayi akasarinsu a bushe suke, wasu ma shara ce a ciki, saboda atamfa da shadda na kamfani sun kashe kasuwar. 'Yan kaɗan ne suke aiki, kowanne da marininsa zaune a baki. Muka gaida wani dattijo da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu, muka nemi izini kafin mu ɗauki hoto, wanda ya kamata ki riƙa yi a ko'ina. Ya yi mana bayani cewa babu sinadarin kanti a ruwan, ganyen baba ne da toka da kanwa, a zuba a rami a bar shi ya yi makonni har ya nuna, ana motsa shi da doguwar muciya. Idan aka tsoma ƙyalle sai a ɗago shi ya sha iska a sake mayarwa, yawan tsomawa shi ne duhun launi. Daga nan sai a kai wa masu bugu, su ɗora a kan gungume su yi ta dukansa da manyan tabare har ya yi sheƙi. Auta ya ce wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Irin wannan rini ne Buzaye suke naɗawa har ya shafa musu shuɗi a fuska.

Ina cikin sauraro sai na ga Ummi ba ta kusa da ni. Na hango ta can wajen igiyar shanya, ta tsaya ƙiƙam a gaban wani zane. Irin nata ne sak, zagaye-zagayen nan farare. Na ƙarasa na tsaya a gefenta ban ce komai ba. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Anti, Mamana tana da irinsa."

Shekara biyu, ranar ce ta fara ambatar mahaifiyarta a gabana. Na ce, "Na sani Ummi, na sha ganinsa. Yana da kyau ƙwarai." Sai hawaye, ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba.

Dattijon nan, Allah ya saka masa da alheri, bai tambayi komai ba. Ya taso ya ce, "'Yan mata, kin san wannan adon ba mu muke yi ba? Mu tsomawa kawai muke. Mata ne a cikin gidaje suke ɗaure farin ƙyalle da zare, ƙulli bayan ƙulli, wani zanen sai a yi kwanaki ana ɗaurinsa. Duk inda zare ya kama, baba ba ya shiga." Sai ya kawo fararen kallabi guda biyu da zare, ya nuna mata yadda ake tsinko ƙyallen a naɗe shi tam. Ta zauna a kan wani dutse ta yi ƙulli wajen goma, duk sun karkace. Ya ce ta tsoma da hannunta. Da ta ɗago shi kore-kore ya fito, ta ɓata fuska ta ce ya lalace. Ya ce ta jira. A kan idonmu, yana shan iska yana juyewa, har ya koma shuɗi. Ta yi ihu ta ce, "Anti kalli! Kalli!" Ta tsoma ya fi sau goma, safar roba da aka ba ta ma ta cire ta ajiye.

Sauran wuraren ba zan tsawaita ba. Mun je Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Baturen nan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ginin ƙasa ne mai zankwaye da zane a bango, wurin ɗaukar hoto ne na gaske. Mun kai ƙananan yaran gidan namun daji na Audu Bako da ke titin Zoo, sun yi murna, ni dai inuwar bishiyoyin ce ta fi burge ni. Mun kuma bi gefen ganuwa da sassafe daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, amma yau wani wurin tudun ƙasa ne kawai, wani wurin an yanka an yi shaguna. In kina son ganinta ki hanzarta, ban san me ƙannenki za su tarar ba.

Ranar ta biyar na ce wa Abban Ummi ni zan kai ta Yakasai wajen kakarta. A da shi yake kai ta a mota, su gaisa a tsaitsaye su fito, domin shi ma gidan yana tayar masa da mikin da bai warke ba. Gabana yana faɗuwa na yi sallama, don ban san yadda tsohuwar za ta karɓi wadda ta zauna a ɗakin 'yarta ba. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo fura. Da Ummi ta miƙa hannu za ta karɓi ludayi, sai tsohuwar ta kama hannun ta juya shi, ga farce da tafin hannu duk shuɗi, sabulu ya kasa fitarwa.

"Ke kuma wa ya kai ki karofi?"

"Anti ce."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce haka uwarta take dawowa tun tana yarinya in an aike ta kai ɗauri, ta yi ta faɗa ba ta ji. Ta ce ai zanen nan da yake wurin Ummi, marigayiyar ce ta ɗaure shi da hannunta ana saura wata biyu bikinta, a nan tsakar gidan, a gindin bishiyar darbejiyar can. Ummi ba ta taɓa sani ba, mahaifinta ma bai sani ba. Muka wuni a gidan har magariba, tsohuwa tana ba da labari, Ummi tana kwance a cinyarta. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki riƙa kawo mini ita." Na ce in Allah ya yarda, Inna.

Mun koma Agege da tandun kwalli, da ƙullin kanumfari, da kallabi biyu masu karkatattun zagaye. Ɗaya ta ɗaura ranar Juma'a, ɗayan na tarar da shi a ninke a kan matashina, babu takarda babu bayani. Har yanzu Anti take ce mini, kuma akwai ranakun da shirun yake dawowa, ba zan ce muku komai ya zama zuma ba. Amma shekaranjiya ina tsaye ina tuƙa tuwo ta shigo kicin da littafin tarihinsu a hannu, ta jingina da ƙofa.

"Anti, wai da gaske ne rijiyar Kusugu ta Daura har yanzu akwai ruwa a cikinta?"

Na ajiye muciya na dube ta. Na ce, "Gobe zan gaya miki." Sannan na lalubo wayata na fara neman lambar Auta.